Kafin ka kai laftof ɗinka a yi masa fomat, tsaya ka ji abin da ya same ni

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Da na so in yi shiru da maganar saboda akwai abin kunya a cikinta, to amma a satin nan kaɗai mutum uku ne suka tare ni, biyu a ƙofar masallaci, ɗaya a teburin mai shayi, kuma duk kukansu ɗaya: Chrome yana buɗewa ya rufe kansa, an sa antibairos ya ce ya goge komai, amma abin bai daina ba. Duk ukun kuma shawara ɗaya aka ba su, wai su je a yi fomat.

Ni dai ra'ayina, yawancin fomat ɗin da muke yi a makarantun nan asarar kuɗi ce kawai. Muna biya a share mana kwamfuta ba mu tambayi abin da ya shiga ba, ba mu san ta ina ya shiga ba, balle mu san abin da ya ɗauka ya fita da shi. Bayan sati biyu sai mu sake buɗe masa ƙofar da hannunmu. Na san haka ne don ni ma saura ƙiris in yi.

Mu da muke karatu a nan kudu kun san yadda laftof yake a wajenmu. Nawa tokumbo ne, Baba ya saya min tun ina aji biyu, kuma na san buhun goro nawa ya tafi a kansa. Idan ya lalace babu wani na biyu. A cikinsa babi na ɗaya zuwa na uku suke, da amsoshin takardun tambayoyi ɗari da tamanin da na bi kasuwa rumfa rumfa na raba, na zauna dare uku ina shigar da su Excel. Da na zo babi na huɗu sufabaiza ya ce da SPSS yake so a yi lissafin. Ban da shi, kuɗin lasisinsa kuma da dala ake maganarsa. Sai wani ɗan ajinmu ya turo adireshi a guruf, ya ce ga na kyauta nan, an riga an fasa shi, wato kirak.

Fayil ɗin a dunƙule ya zo, an kulle shi da lambar sirri, an kuma rubuta lambar a shafin da na sauke shi. A lokacin ban tambayi kaina ba, in dai za ka ba kowa makulli, to meye amfanin kullewar? Daga baya na gane amfaninta: antibairos ba ya iya leƙa cikin kullallen fayil yayin da ake sauke shi. Sannan ga wata 'yar takarda a ciki tana cewa a kashe Windows Defender kafin a saka, wai zai ɗauki manhajar a matsayin bairos bisa kuskure. Wallahi da hannuna na kashe. Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, baƙo ya ce in sallame shi, na sallame shi. Na danna, wani baƙin allo ya ɗan bayyana ya ɓace, shi ke nan. SPSS ɗin ma bai hau ba. Na yi tsaki na kwanta.

Kwana biyu bayan nan sai abubuwa suka fara canzawa. In na rubuta abu a Chrome, maimakon Google sai wani shafin bincike da ban taɓa gani ba ya amsa min. Tallace-tallacen caca suna ɓullowa ta gefen allo, wasu ma ba sa kalluwa a gaban mutane, kuma a laburare nake zaune. A ranar ne kuma yayata da ke aure a Kano ta kira ni hankali a tashe tana tambaya wane asibiti aka kwantar da ni. Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce, "To kai kuma yaushe ka fara rubuto min turanci?" Muka yi dariya, na ɗauka wani ne ya buɗe sabon shafi da hotona kamar yadda ake yi wa mutane. Ko kaɗan ban haɗa maganarta da laftof ɗina ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Na kunna Defender, na sa ya bincika, ya kama wasu abubuwa ya goge. Na ji daɗi. Sai dai daga nan ne ma ciwon ya tsananta. Chrome zai buɗe, in fara aiki, bayan 'yan mintoci ya ɓace ɗif kamar an ɗauke wuta. Wani lokaci ya sake buɗe kansa da kansa. Na cire shi na sake saukewa har sau biyu, data ta tafi a banza, babu abin da ya canza.

Na ɗauke shi na nufi wajen masu gyara da ke bayan ƙofar makaranta. Mai gyaran ko kunna shi bai yi ba, ya ce, "Malam, sai fomat." Dubu biyar. Na tambaye shi fayilolina fa? Ya ce zai kwashe su a nasa hadis ɗin ya mayar min in ya gama. Na kalli hadis ɗin, wanda ke shiga laftof ɗin kowane ɗalibi da ya zo wurin daga safe zuwa dare. Na ce Windows da Office ɗin da za a sa min fa, daga ina? Ya nuna min filash a aljihunsa, ya ce har da abin da zai kunna su kyauta. Wato a cire min kirak ɗaya, a sa min biyu, in kuma biya.

Ba zagin masu gyara nake yi ba. Mutumin abincinsa yake nema, layi ne a gabansa. Fomat ba ya cin masa awa guda, bin diddigin matsala kuwa zai iya cinye masa yini, kuma ɗalibi ba zai biya kuɗin yini ba. Laifin namu ne da muka mayar da kanmu mutanen da ba sa son sanin komai game da abin da duk karatunsu ya rataya a kai. Mutum yana ajin ƙarshe a jami'a, amma in kwamfutarsa ta yi atishawa sai ya miƙa ta ga wani da dukkan sirrinsa a ciki, ya koma gefe yana danna waya.

Abin da ya cece ni shi ne wani yayanmu ɗan unguwarmu da ke digiri na biyu a fannin kwamfuta. Na same shi a ɗakinsa bayan isha'i, na fara zuba masa labarin yadda Chrome ke rufewa. Bai bari na gama ba ya ce, "Ƙanena, bar maganar rufewa tukuna. Kalmomin sirrinka, kana barin Chrome ya ajiye maka su?" Na ce e mana, Yaya, wa zai iya haddace su duka? Imel, Facebook, fotal ɗin makaranta, har da wani shafin neman tallafin karatu da na cika bayanaina kaf a ciki. Sai ya miƙa hannu ya kashe intanet ɗin laftof ɗin, ya ce in ɗauko wayata.

A nan na fahimci abin da ya fi komai muhimmanci a duk labarin nan, kuma shi ne abin da mai fomat ba zai taɓa gaya maka ba. Yawancin bairos ɗin da ake ɓoyewa a cikin kirak yanzu ba lalata kwamfuta suka zo yi ba, sata suka zo yi. Cikin ƙanƙanin lokaci suke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana, su tura wa mai su. Suna kuma kwashe abin da ake kira kukis. Yaya ya kwatanta min shi da ɗan katin da mai gadi ke ba ka bayan ya duba shaidarka a ƙofar shiga: duk wanda ya riƙe katin nan zai wuce ba tare da an sake tambayarsa komai ba. Shi ya sa ko ka sa tsaron nan mai mataki biyu da ake turo maka lamba a waya, wanda ya saci kukis ɗinka yana iya shiga ba a tambaye shi lambar ba, don a wajen shafin kai ne ka riga ka shiga.

Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce. Akwai wani mai suna RedLine da 'yan sandan ƙasar Holan tare da na wasu ƙasashe suka tarwatsa cibiyoyinsa a watan Oktoba na 2024. Akwai wani kuma Lumma, wanda a watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya ce ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da ya shiga a faɗin duniya cikin wata biyu kacal. Haya ake ba da su, kamar yadda ake ba da hayar babur, kowane ɗan damfara ya biya ya karɓa, kuma manhajojin kirak suna cikin manyan hanyoyin da ake yaɗa su. To ka ga wanda ya zauna ya shirya maka SPSS kyauta, ya ɗora a intanet, har ya yi maka bidiyon yadda za ka saka, ba ɗan uwanka ba ne.

Da wayata muka fara, kuma da imel muka fara, domin duk wani shafi da ka manta kalmar sirrinsa can yake turo maka hanyar canzawa. Wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe sauran. Na canza kalmar, muka shiga sashen tsaro na asusun Google inda ake jera na'urorin da suka shiga, muka fitar da duk wadda ban gane ba. Muka duba ko an sauya lambar waya ko imel ɗin da ake dawo da asusu da su, muka duba ko an saita a riƙa tura saƙonnina wani wuri. Da muka zo Facebook sai jikina ya yi sanyi. Ba wani sabon shafi aka buɗe da hotona ba. Daga cikin nawa asusun aka tura wa mutum goma sha ɗaya saƙo cewa na yi haɗari ina asibiti, a taimaka da abin da ya samu. Yayata tana ciki, wani kawuna yana ciki. Abin da ya tsare su kawai shi ne ɓarawon bai iya Hausa ba. Da fomat na yi a ranar nan na koma ɗaki ina murna, da mutumin yana nan cikin asusuna yana ci gaba da roƙo da sunana.

Sai da muka gama wannan, wajen sha ɗayan dare, sannan Yaya ya juyo kan laftof ɗin. Ya sa na kwashe abin da ba zan iya asararsa ba zuwa wani filash da babu komai a ciki: babukan furojet, Excel ɗin nan, takardun PDF da hotuna. Ya hana ni ɗaukar duk wani fayil na saka manhaja, ko da na rantse na san shi.

Daga nan ya yi wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi. Ya buɗe Edge, burauzar da ke zuwa da Windows, ya bar ta a buɗe. Ba ta rufe ba. Ya ce to ka gani, Windows ɗin bai mutu ba, wani abu ne ke bin Chrome shi kaɗai. In da duk burauzojin ne ke faɗuwa, da sai mu nemi matsalar a can ƙasa.

Ya shiga saitin Defender, wajen da ake rubuta wuraren da aka ce kada ya bincika. Ga wata folda nan an sa ta a ciki, ni kuwa ban taɓa sanin ma akwai wannan wurin ba. Wato bairos ɗin ya shiga ya gaya wa mai gadi cewa ɗakin can ba ruwanka da shi. Duk binciken da na yi a baya tsallake ɗakin yake yi. Ya cire wannan, sannan ya zaɓi binciken da ake kira Microsoft Defender Offline, wanda ke kashe kwamfutar ya sake kunna ta ya bincika kafin Windows ya gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Kamar kwata na awa ya ɗauka. Bayan nan ya mayar da intanet na ɗan lokaci ya sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes na ainihi, kyauta ne, aikinsa farautar irin tarkacen tallan nan da ke maƙale wa burauza.

Duk da haka da muka buɗe Chrome, bayan 'yan mintoci ya sake ɓacewa. Na ce Yaya, ko dai fomat ɗin za mu yi? Ya yi dariya ya ce an kama ɓarawo, amma yaran da ya bari a gidan ba su san an kama shi ba, suna nan suna aikin da ya sa su.

Ya buɗe Task Scheduler, wurin da Windows ke ajiye ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu a kan lokaci. A cikin jerin akwai wani aiki mai suna kamar na sabunta Chrome, in ba ka lura ba sai ka wuce shi. Da ya buɗe cikinsa sai ga shi umarni ne na PowerShell da aka sa ya riƙa tashi bayan kowane 'yan mintoci. Aikinsa ya rufe Chrome, ya sake buɗe shi ɗauke da wani ekstenshan, wato irin ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza. Defender ya riga ya goge ekstenshan ɗin, amma umarnin yana nan, yana ta rufe min Chrome yana neman abin da babu shi. Wannan shi ne duk ciwon da ya hana ni barci kwana huɗu. Yaya ya ce salon ba sabo ba ne, tun 2022 wani da ake kira ChromeLoader ya yi tashe da irinsa, shi ma ta hanyar wasanni da manhajojin kirak yake shiga. Ya goge aikin. Ya kuma leƙa jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows a Task Manager, ya kashe wani da ba mu san asalinsa ba.

Sauran wuraren da ya duba zan faɗe su a taƙaice don mai son dubawa. Alamar Chrome da ke kan allo, in ka danna ta da maɓallin dama ka shiga Properties, layin Target ya kamata ya ƙare da chrome.exe, in ka ga wani adireshi ko dogon rubutu a bayansa to ƙari aka yi maka. Saitin furoksi na Windows, in ba kai ka sa ba, a kashe ya kamata ya kasance. Sai kuma wanda ya fi ba ni haushi: a ƙasan jerin zaɓuɓɓukan Chrome an rubuta "Managed by your organization", wai wata ma'aikata ce ke kula da burauzata. Wace ma'aikata, ni da ko aikin hutu ban taɓa yi ba? Wannan hanya ce da aka tanada don kamfanoni da makarantu su saita kwamfutocinsu, bairos kuma yana amfani da ita ya kafa ekstenshan ɗin da ba za ka iya cirewa ba, ko ya ɗaure ka da shafin binciken da yake so. In ka rubuta chrome://policy a wajen adireshi za ka ga dokokin da aka ɗora. Cire su sai an shiga rijistirin Windows, kuma a nan ina roƙonku, in ba ka san abin da kake yi ba ka nemi wanda ya sani ya zauna kusa da kai. Goge abin da bai kamata ba a can yana iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya.

Sai maganar da ta sa cirewa da sake saukewar da na yi sau biyu ba ta yi amfani ba. Ashe Chrome gida biyu gare shi. Akwai manhajar kanta, akwai kuma foldar da yake ajiye duk abin da ya shafe ka, saitinka, ekstenshan ɗinka, tarihin shafukan da ka shiga. Sunanta User Data, tana cikin AppData, ƙarƙashin Local, Google, Chrome. In ka cire Chrome ba ka ce a goge bayananka ba, foldar nan tana nan zaune, sabon da ka sauke kuma ita zai tarar ya ci gaba da ita. Kamar ka yi wanka ne ka mayar da kayan da ka cire. Yaya bai goge ta ba, suna kawai ya canza mata, ya ƙara "tsoho" a ƙarshe. Da muka buɗe Chrome bai ga foldarsa ba sai ya ƙirƙiri sabuwa fes. Daga tsohuwar fayil ɗaya tak muka ɗauko, mai suna Bookmarks, inda adiresoshin duk maƙalun da na tara don babi na biyu suke. Masu Firefox naku ya fi sauƙi, ku rubuta about:support za ku ga maɓallin Refresh Firefox, kusan aikin ɗaya yake yi.

Wani tarko da ya nuna min: in ka shiga da asusun Google ɗinka ka kunna haɗa bayanai, Chrome yana iya dawo maka da tsofaffin ekstenshan da saitin da ya adana a asusunka. Don haka da ka shiga, ka koma chrome://extensions ka sake dubawa, duk wanda ba ka tuna ranar da ka sa shi ba ka cire. Haka nan jerin shafukan da ka ba izinin turo maka sanarwa, yawancin tallan da ke ɓullowa ta gefen allo daga can suke, mu ne muke danna Allow ba mu karanta ba. A ƙarshe ya buɗe baƙin allon umarni a matsayin mai iko ya rubuta sfc /scannow don Windows ya duba fayilolinsa ya gyara wanda ya lalace. Ƙarfe ɗaya da rabi na bar ɗakinsa. Chrome bai sake rufewa ba.

Wata 'yar fadakarwa ga masu bin bidiyon YouTube: da yawansu tsofaffi ne, za su ce ka nemi Chrome Cleanup Tool. Google ya janye wannan tun 2023. Duk shafin da ya ce zo ka sauke shi yau, ka yi nesa da shi. Masu Windows 7 kuma, na san kuna nan da yawa a hostal, Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya muku, babu sauran gyaran tsaro da ke zuwa. Windows 10 da yawancinmu ke kai shi ma wa'adin tallafinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Yanzu bari in yi adalci, kada a ce na ce fomat haramun ne. Shi kansa Yaya ya ce min duk kwamfutar da irin wannan ɓarawon ya taɓa shiga, ba za ka taɓa rantsewa ta tsarkaka ɗari bisa ɗari ba, kuma abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a sake saka Windows daga tushe. Ya ce in lallaɓa in kare furojet, kada in shiga wani abu da ya shafi kuɗi a kanta, sannan mu yi. Haka aka yi. Amma dubi bambancin. Mun yi ne bayan an canza kalmomin sirri daga wata na'urar, bayan an kwashe fayiloli an bincike su, kuma Windows ɗin daga shafin Microsoft muka sauke da kanmu a filash mai gig takwas. Lasisin da laftof ɗin ya zo da shi ya kunna kansa, ba mu sa wani abin fasa shi ba. Fomat ɗin da nake faɗa da shi shi ne wanda ake fara yi kafin a yi tunani, a bar asusunka a hannun ɓarawo, a kuma cika maka kwamfuta da sabon kirak.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na faɗa: talauci ne. Ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ina ya ga dalar sayen manhaja? Gaskiya ne, ban musa ba. Amma abin da ya ba ni kunya shi ne lissafin da na kusa rasa komai a kansa, da jamovi na ƙarasa shi, kyauta, daga shafinsu. Duk abin da babi na huɗu na yawancinmu ke buƙata yana yi, yana ma buɗe fayilolin SPSS. Akwai JASP da Jami'ar Amsterdam ke tallafawa, akwai PSPP wanda fuskarsa ma kamar ta SPSS ɗin ce. Rubutu kuma ga LibreOffice, ga Google Docs, ga Word ɗin da ake amfani da shi ta burauza ba ko sisi. Jera manazarta ga Zotero. Da na kai wa sufabaiza teburan bai ce uffan ba a kan manhajar, sakamakon ya duba ya yi gyaransa da jan biro kamar kullum.

A nan kuma ina da magana da malamanmu, cikin ladabi. In sashe ya ce dole sai da manhaja kaza, alhali bai saya wa ɗalibai lasisi ba, bai kuma tanadi ɗakin kwamfutar da ke da ita ba, to kowa ya san inda ɗaliban za su samo ta. Ana kawar da kai ne kawai. Ko dai a saya, ko a koyar da na kyautan, ko a ce kowa ya yi da abin da ya samu in dai lissafin ya fita daidai. Kuma wakilan aji, don Allah ku daina barin ana watsa irin adiresoshin nan a guruf. Wanda ya turo min nawa ba mugu ba ne, shi ma daga baya na ji an shiga imel ɗinsa.

Filash da wajen buga takardu kuwa kun fi ni sani. Ka kai filash a buga maka shafi goma, ka dawo duk foldojinka sun koma shotkot. Kada ka danna su, fayilolin suna nan an ɓoye su ne, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Ni yanzu PDF nake mayar da aikina in tura musu ta WhatsApp. In kuma dole ta sa ka shiga imel ko fotal a kwamfutar kafe, ka fita da kanka kafin ka tashi, kuma in ta tambaye ka ko ta ajiye kalmar sirri ka ce a'a. Sannan babin da ka rubuta yau, ka jefa shi Google Drive yau ɗin, gig goma sha biyar suke bayarwa kyauta, furojet ɗinka gaba ɗaya bai kai ko kusa ba.

Mutum ukun da suka tare ni, biyu mun zauna mun duba nasu. Ɗaya ekstenshan ne kawai, minti ashirin muka gama. Ɗayan kuwa irin nawa ne sak, kuma ya riga ya yi fomat sau ɗaya a zangon da ya wuce, kalmar sirrinsa tana nan yadda take tun aji ɗaya. Na ukun har yanzu ina jiransa. Ranar Asabar bayan la'asar ni da Yaya za mu zauna a barandar masallaci, wanda burauzarsa ke irin wannan rashin lafiyar ya zo da cajarsa, da wayarsa, da filash da babu komai a ciki. Ba ma karɓar kuɗi, kuma kada wanda ya zo ya ce in sa masa kirak ɗin Office. Yayata kuma har yau in ta kira ni da turanci take fara gaisuwa, wai tana tabbatarwa ni ne.